TAMBAYI BAKANIKE: 268 ko 288, wane kamshaf zan sa ma Golf 3 ɗina?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru da yawa amma guda biyu kawai zan ɗauka yau, saboda ta farkon tana da tsawo kuma samari da yawa sun sha tare ni da irinta a bakin gareji.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, ina gaisuwa, ya aiki ya zafi. Ni mai karatunka na daga Jega. Ina da Golf 3 mai giyar hannu, asali da injin 1.8 ta zo, bara yab buga man bisa hanyar Koko sai munka sa mata 2.0 ɗan Beljiyam mai bawul takwas, da wayarin da biren bos nashi duka. Bayan nan na canza salansa tun daga baki na sa mai reshe huɗu, na cire tukunyar iska na sa buɗaɗɗen filta, kuma an taɓa kai tof girandin sau guda lokacin da ta yi obahitin. Motar na tashi ba laifi amma ni dai ina jin da saura. Yanzu wani abokina da ka sayo kaya daga waje ya ce shina iya kawo man kamshaf, akwai mai lamba 268 akwai 288, kuɗinsu kusan ɗaya, shi ya ce in ɗauki 288 tunda shi ne babba kuma shi ka ba da wanga ƙugi da mota ka yi in tana tsaye. Aikina Birnin Kebbi ne kullum ina zuwa in dawo, wani lokaci Sakkwato, in an yi albasa kuma nikan ɗauko ma gida buhu biyu uku daga Aliero. Mi kaka gani Oga? Kuma in na sa shi kenan ko da wani abu da za a taɓa? Daga ƙanenka a Jega.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, na gode da gaisuwa, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka tura kuɗi, don yawancin masu zuwa wajena sai sun riga sun ɗaura abin mota ta ƙi silo, wato inji ya kasa zama a kunne in tana tsaye, sannan ake nemana.

Kai tsaye, 268 za ka ɗauka, kada ka taɓa 288 ɗin nan. Bari in gaya maka dalili yadda ko ba ni kusa za ka iya gardama da duk wanda ya zo maka da wata magana.

Shi kamshaf aikinsa ɗaya ne, buɗe bawul da rufe shi. Karanshaf ya juya sau biyu shi ya juya sau ɗaya, wato digiri 720 na karanshaf kafin kowace silinda ta gama zuƙa, matsewa, bugawa da fitar da hayaƙi. Wannan lambar da kake gani 268 ko 288 ba girman ƙarfe ba ne kuma ba ƙarfin doki ba ne, adadin digirin da karanshaf zai juya ne bawul na buɗe bai koma mazauninsa ba. Ka ɗauka kamar ban ruwa a fadama, akwai faɗin da ka yanka bakin kwali, akwai kuma tsawon lokacin da ka bar shi a buɗe. Faɗin shi ne lif, wato nisan da ƙusumbin kamshaf ke danna bawul ƙasa, na kamfani a injin irin naka wajen milimita 10 ne. Tsawon lokacin shi ne wannan lambar. To in ruwa na gudu da ƙarfi ka daɗe da buɗewa fangali zai cika, amma in ruwan a hankali yake tafiya ka bar bakin a buɗe sai ya fara komawa baya. Haka iska take yi a inji. A juyi 6000 a minti iska na shigowa da gudu, ko fistin ya fara hawowa tana ci gaba da cusa kanta, a nan dogon kamshaf yake cin riba. A juyi 1500 ko 2000 kuwa ba ta da wannan gudun, fistin na tasowa sai ya turo ta baya ta bawul ɗin da bai rufe ba tukuna, abin da ya rage a silinda kaɗan ne, matsewar ta yi rauni, mota ta mutu a ƙasa.

Kenan babban kamshaf ba ƙara maka ƙarfi yake yi ko'ina ba, ɗebe shi yake daga ƙasa ya kai sama. Shi ya sa tambayar da nake fara yi wa kowa ita ce, a ina allurar juyin injinka ta fi zama? Ka yi sati guda kana kallonta tsakanin Jega da Birnin Kebbi. Na tabbata za ka ga tsakanin 2500 da 3500 take yawo a giya ta biyar, in ka shigo gari wajen su randabawul da cunkoson 'yan kabu-kabu kuma ƙasa da 2000. Kamshaf mai 288 a injin bawul takwas sai wajen 4000 yake farkawa, yana so a kai shi kusan 7000, alhali injinka kamfani ya yi shi ne ya ba da doki 115 a juyi 5400. Sau nawa a wata kake wuce 5000? In ka ɗora buhun albasa uku daga Aliero ga mutum biyu a baya ka zo tashi daga tsaye, ƙarfin ƙasan nan da 288 zai ƙwace maka shi ne abin da kake buƙata, sai ka ga kana ƙona kuloci kana ba ta wuta kafin ta motsa.

Shi kuma ƙugin da abokinka yake yabo, na san shi, yana da daɗin ji ba ƙarya, amma ka san mene ne? Akwai ɗan lokaci a ƙarshen fitar hayaƙi da bawul na shiga da na fita suke buɗe tare, kamar a buɗe ƙofar zaure da ta bayan gida lokaci guda. In inji na gudu hayaƙin da ke fita yana jawo sabuwar iska ta biyo bayansa, abu mai kyau. In yana silo kuwa hayaƙi ne ke dawowa ya gauraya da sabon mai, wuta ta kama a wannan bugun ta ƙi kamawa sosai a na gaba. Wannan tangal-tangal ɗin shi ne ƙugin. Ɗanyen fetur ne ke bi ta salansa, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ba sai na gaya maka abin da lita take ci a aljihu ba.

Akwai abin da ya fi maganar fetur muhimmanci, birki. Sabo (servo) na birkin Golf, wato abin da ke taimaka wa ƙafarka wajen danna birki, da tsotson iskar manifol yake aiki, shi ke sa ka taka da ɗan yatsan ƙafa mota ta tsaya. Wani yaro ya taɓa kawo min tasa, an ɗaura masa babban kamshaf a wani gari ba a taɓa komai ba, ya ce min Oga birki na yin tauri in ina cikin gari. Na cire tiyo na sa gejin auna tsotson iska, lafiyayyen inji na kamfani yana nuna inci 17 zuwa 21 a silo allura tsaye cak, nasa tana rawa wajen 10 da 11. Na ce ya shiga mu zaga, ya taka sau ɗaya lafiya, na biyu ya ɗan yi nauyi, na uku feda ta zama kamar ya taka dutse, ina kallon gwiwarsa tana rawa yana dannawa da duk ƙarfinsa ga mai Keke a gabanmu. Allah ya kiyaye muka tsaya. Ranar ban bar shi ya tafi da motar ba sai da muka mayar da tsohon kamshaf ɗinsa. Ƙanena wallahi saboda wannan kaɗai ba zan yarda ka sa 288 a motar da kake ɗaukar iyali ba. Ga kuma esi, ka kunna a watan Afrilu inji na silo da ƙyar sai ya mutu.

To shi 268 ɗin fa? Shi ne daidai da abin da ka riga ka yi. Salansa mai reshe huɗu ta buɗe hanyar fita, shi kuma zai ɗan ƙara numfashi daga wajen 3000 zuwa sama, silo zai ɗan yi kauri kaɗan amma zai zauna, birki ba zai canza sosai ba. In da za a samu mai 260 ma ni ba zan raina shi ba a irin aikinka. Amma kada ka sa rai da yawa, a ganina in komai ya zauna daidai abin da za ka samu doki goma ne ko kusa da haka, za ka ji shi lokacin wuce tirela a hanyar Sakkwato in ka sauko giya ta huɗu, ba wai motar za ta zama wata daban ba.

Kafin ka tura kuɗi ka ce abokinka ya turo maka hoton takardar da ke cikin kwalin. Duk kamfanin kirki irin su Schrick na Jamus, Cat Cams na Beljiyam, Piper ko Kent na Ingila suna ba da ita. Abu uku za ka duba. Na farko a wane lif aka auna lambar, don nan ake rikita mutane, lambar talla tun bawul ya ɗan motsa ake fara ƙirgawa, 'yan Amurka kuma suna da wani awo a inci 0.050 wato milimita 1.27, Turawan Turai da yawa a milimita 1. Kamshaf ɗin da aka rubuta 270 a kwali in aka auna shi a 0.050 zai iya dawowa 220 da wani abu, don haka 268 na wannan kamfani ba lallai ya zama ɗaya da 268 na wancan ba, sai ka kwatanta su a awo iri ɗaya. Sai lif nawa ne. Sai kuma tazarar da ke tsakanin tsinin ƙusumbin shiga da na fita, in ka ga 110 zuwa 114 motar titi ce, in ta sauko 106 ko 108 haɗuwar ƙofofin nan ta ƙaru, ƙugi ya ƙaru, tsotso ya ragu. Kuma ka tabbata na tafet mai mai ne, tafet shi ne ɗan kofin ƙarfen da ke tsakanin ƙusumbi da bawul, mai mai kuma irin wanda ke cika kansa da bakin mai, don Golf 3 shi take amfani da shi, akwai kamshaf na tsofaffin injin Golf masu tafet na shim, kamarsu ɗaya a ido amma ba a musanya su.

Yanzu tambayarka ta biyu, in ka sa shi kenan? A'a, nan ma aikin yake.

Sifirin na bawul. Wasu tof ɗin na bawul takwas suna zuwa da sifirin biyu ɗaya cikin ɗaya, wasu na baya-baya guda ɗaya ne. Ka sa a buɗe a gani. In lif ya ƙaru sifirin zai iya matsewa har zobbansa su haɗe ya zama dunƙulen ƙarfe, daga nan ko ƙusumbi ya cinye ko wani abu ya karye, ana so in bawul ya kai ƙarshen buɗewa a samu saura wajen milimita 1.5 kafin su haɗe. Kuma sifirin da ya yi kusan shekara 30 yana aiki ya gaji, Golf 3 tun 1991 aka fara ta aka daina wajen 1997, in ya gaji bawul ba ya bin kamshaf a babban juyi, sai ya riƙa shawagi. Ka sayi sabbi tare da kamshaf ɗin, da sabbin tafet takwas. Kada a ɗora sabon kamshaf kan tsohon tafet, kowane tsohon tafet ya riga ya saba da ƙusumbinsa.

Sai maganar girandin da aka yi wa tof ɗinka, na ji daɗi da ka faɗa don mutane na ɓoyewa. In an rage fuskar tof abu biyu ke faruwa, bawul ya matso kusa da fistin, kuma kamshaf ya sauko kusa da karanshaf, sai taimin ya ɗan koma baya ko da makin fuli ya nuna daidai. Maganin na biyun fuli mai saiti, wanda ake kwance ƙusoshinsa a murɗa digiri biyu ko uku gaba ko baya. Na farkon kuma sai an auna, ba a yi da ido. Yadda nake yi, in samu laka irin ta wasan yara in mulmula in ɗora kan fistin daidai inda bawul zai sauko, in shafa wa bawul ɗin ɗan mai kada ta manne, in sa tsohon gasket in ɗaure tof, in sa bel, sannan in juya karanshaf da hannu a hankali zagaye biyu, in na ji ya cije ba na tilastawa. In aka ɗaga tof za ka ga shatin bawul ya kwanta a lakar kamar sawun kofato, sai a yanka da reza a auna kaurin da ya rage da baniya, wato ma'aunin kauri. Ina so in ga aƙalla milimita 2 a na shiga, 2.5 a na fita. Abu guda, tafet mai mai yana lotsawa in ana juyawa da hannu sai ya ba ka awon ƙarya, don haka a sa wanda aka toshe ya zama sandararre don awon kawai. Aikin rabin yini ne da kuɗin gasket, amma ya fi ka ji ƙarar bawul ya sumbaci fistin a tsakiyar hanyar Kalgo. Taimin bel da tenshina ma sababbi, don da ƙarin lif in bel ya tsinke ba a cewa komai sai dai a sauke tof.

Wajen ɗaurawa bakanikenka ya kula, murafun da ke riƙe kamshaf kowanne da lambarsa da fuskarsa, ba a juya su ba a musanya, a riƙa ɗaure su kaɗan-kaɗan ana zagayawa har ya zauna, don kamshaf ƙarfen zubi ne yana karyewa kamar rake in aka danne gefe ɗaya. Nm 20 ne ɗaurinsu, a nemo tok renci kada a ce hannu ya sani. In an sa sabbin tafet a jira minti 30 kafin a tayar, su gama zama. A shafe ƙusumban da man haɗi sosai, in ya tashi kada a bar shi a silo, a riƙe shi tsakanin 2000 da 2500 ana ɗan hawa da sauka har minti 20, saboda a silo mai ba ya wadatar ƙusumbi kuma a mintunan farkon nan ne yake yin fuskar da zai rayu da ita. Ku yi da sassafe kafin rana ta buɗe, ido na kan allurar zafi, bayan nan a juye mai da filta. Man kuma na galan mai hatimi, ba na awo a kwalba ba.

Ka duba min lambar injin a jikin bulok, ko 2E ne ko ADY ko AGG. 2E da tsarin biren bos na Digifant yake aiki, ma'aunin iskarsa mai ɗan marfi ne da iska ke turawa, in kamshaf ya yi girma iskar na kai da komo marfin ya riƙa kaɗawa biren bos ya rikice, wani dalilin kenan na guje wa 288. ADY da AGG na Simos ne. Dukkansu za su ɗauki 268 su yi aiki, in ka samu wanda ya iya gyaran cif ɗin biren bos da gaske zai ƙara gyaruwa, amma kada ka ba kowa biren bos ya koyi aiki a kai. Kuma kada wani ya ce a ƙara kankare tof don matsewa ta ƙaru, naka ya riga ya kai wajen 10 bisa 1 kuma an taɓa rage shi, su can Turai suna da fetur mai lamba 95 da 98, mu da namu man da zafin da ke wuce digiri 40 sai ka ji inji na ƙyas-ƙyas in ka taka, wannan ƙarar kuwa fistin take cinyewa.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma ba zan yi shiru ba, buɗaɗɗen filtan nan. In a fili yake cikin bonet iskar zafi yake zuƙa daga bayan lagireto, ga ƙurar hunturu da ta hanyar ƙauye, ringi da silinda ne ke biya. Ni da za ka ji tawa ka mayar da tukunyar kamfani da sabon filta mai kyau, ba za ka rasa komai ba a juyin da kake tuƙi. Kuma kafin komai a gwada kwamfireshin na silinda huɗun, in ɗaya ta yi ƙasa sosai ko inji na shan mai to ringi za ka fara yi ba kamshaf ba. Haka nan duk wanda ya ce zai yi wa tsohon naka ciko da walda ya goge da dutse ya zama babba, ka gode masa ka wuce, taurin fatar ƙusumbin ba ya dawowa kuma ba a fitar da siffarsa da hannu.

In kuma abin da zuciyarka ke so ya wuce doki goman nan, tara kuɗin ka nemi injin ABF, 2.0 mai bawul 16 na Golf 3 GTI, daga kamfani doki 150 yake bayarwa da silo lafiyayye da birki lafiyayye, ka sa a duba maka Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, cikakke da wayarin da biren bos. Ka rubuto min lambar injin da abin da takardar kamshaf ɗin ta ce, sai in gaya maka inda za a tsayar da fulin.

TAMBAYA: Salam Oga. Honda EOD gare ni mai silinda huɗu, otomatik. An ce man in na sa kamshaf na Acura TSX za ta koma doki 200. Gaskiya ne? Daga Argungu.

AMSA: Wa alaikas salam ɗan uwa. Gaskiya ne injin TSX na farko, K24A2, doki 200 yake bayarwa, naka K24A4 kuma 160, kuma dangi ɗaya ne. Amma ba kamshaf kaɗai ya raba su ba. VTEC, wato tsarin Honda na canza yadda bawul ke buɗewa, na TSX ƙusumbi uku ne ga kowace silinda, a gefen shiga da gefen fita duka, in juyi ya hau sai mai ya tura fin ya kulle rokoki, wato hannuwan da ke danna bawul, su koma bin babban na tsakiya. Na EOD a gefen shiga kawai yake kuma don tattalin mai aka yi shi, rokokinsa daban ne, don haka kamshaf ɗin TSX ba zai yi aikinsa a tof ɗinka ba sai an canza rokoki ko tof ɗin gaba ɗaya, ga fistin ɗin TSX ya fi matsewa, ga biren bos da sai an sake masa karatu, ita kuma giyar otomatik tana canzawa tun kafin ka kai inda ƙarfin yake. Ka bar mata nata. In kana jin ta yi nauyi a duba fulogi, a wanke nozul da totur, a duba ko indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke ciki, ya toshe, a saita gibin bawul don wannan injin da hannu ake saita shi, a kuma cire 'yar ragar da ke bayan solenoyid na VTEC a wanke, sau da yawa dattin tsohon mai ne ya toshe ta.